Me ya sa hannu ke riƙe abin da kai ya saki?

Tambaya: "Akwai abin da ke ɗaure mini kai. Lambar sirrin wayata, in aka ce in faɗe ta da baki sai na tsaya ina lalube, amma da na ɗora yatsa a kan wayar sai ta fito da kanta. Makulli ma ina zaro wanda nake so daga aljihu ba tare da na duba ba. Amma shafi 3 da na karanta jiya da dare, yau da safe sun bi ruwa. Shin hannu yana da tasa ƙwaƙwalwar ne, ko kuwa ina cikin mutanen nan da ba sa koyo sai da hannu?"

Amsa:

Ɗan'uwa, hannu ba shi da wata ƙwaƙwalwa tasa ta kansa, kuma ban yarda akwai mutanen da aka halitta ba sa koyo sai da hannu ba. Amma abin da ka lura da shi gaskiya ne, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Na daɗe ina koyar da yadda jijiyoyi ke aiki, kuma wannan tambayar tana cikin waɗanda na fi son a yi mini, domin amsarta daga fatar yatsa take farawa, ta ƙare a kan yadda ya kamata mutum ya yi karatu. Ka yi haƙuri da ni, zan ɗan ja ta.

Mu fara da makullin nan na aljihunka. Da ka zura hannu, kan yatsanka ya ci karo da ƙarfe, sai fatar wurin ta ɗan lotsa, lotsawar da ido ba zai gani ba. A fatar tafin hannu da yatsu akwai jijiyoyi kimanin 17,000 a hannu ɗaya da ba su da wani aiki sai jin irin wannan lotsawar, kuma bakunansu ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Merkel, kusa da saman fata. Muddin abu na danne su ba sa yin shiru, su ne ke karanto maka haƙoran makullin da kaifin gefensa. Akwai na Meissner, su kuma ba ruwansu da abin da ya tsaya cik, motsi suke jira. Da makullin ya fara sulɓewa daga tsakanin yatsunka sai su kai ƙara, ka ƙara damƙa tun kafin ka san ya so faɗuwa. Can ciki akwai na Pacini, masu ɓawo a kan ɓawo, waɗanda suka fi jin karkarwa mai sauri, wajen sau 250 a sakan guda. Su ne suka sa in ka ja bakin biro a kan takarda kake jin kaushinta kamar da fatarka ka taɓa ta, alhali biron ne ya taɓa. Na huɗun, na Ruffini, miƙewar fata suke bi.

An san siffar waɗannan bakunan fiye da shekara 100, amma yadda dannawa ke komawa lantarki bai fito fili ba sai kwanan nan. A 2010 Ardem Patapoutian da abokan aikinsa a Amurka suka yi ta kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya a cikin wata ƙwayar halitta mai jin dannawa, suna tsikarinta suna dubawa ko ta daina ji. Sai da suka gwada fiye da 70 sannan ta yi shiru. Abin da suka gano wata 'yar ƙofa ce ta furotin a jikin ƙwayar, in aka danna sai ta buɗe, sinadarai masu ɗauke da lantarki su kwararo ciki. Suka sa mata suna Piezo, daga kalmar Girkanci mai nufin dannawa. 'Yar'uwarta Piezo2 ita ce babbar ƙofar taɓi a jikinmu. A 2021 aka ba shi kyautar Nobel tare da David Julius, wanda ya gano ƙofar jin zafi.

Daga nan saƙon ya kama hanya. Yana bin jijiyar hannu ya shiga laka, ya hau ta bayanta har gindin ƙwaƙwalwa, a nan ya tsallaka ɗaya ɓarin, ya yada zango a talamus, wato tashar da kusan duk saƙonnin ji ke bi in ban da na hanci, sannan ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa. Daga wuyan hannu zuwa can, kusan kashi 1 cikin 50 na sakan ne. Tsallakawar nan ita ce ta sa in jini ya toshe a hagun ƙwaƙwalwa, hannun dama ne ke daina ji.

Inda saƙon ke sauka wani ziri ne da ya taso daga saman kai ya gangaro wajen kunne, kuma jikin mutum gaba ɗaya a shimfiɗe yake a kansa kamar taswira. Wilder Penfield, likitan tiyata a Montreal ta ƙasar Kanada, shi ya zana ta. Yakan yi wa masu farfaɗiya aiki suna farke, tunda ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin ciwon yanka, ya riƙa taɓa wurare da ɗan lantarki kaɗan yana tambaya: me ka ji, a ina? Wannan ya ce a babban yatsa, wancan ya ce a leɓe. Ya wallafa sakamakon a 1937 tare da Edwin Boldrey. Rabon filin ba da girman gaɓa aka yi shi ba. Yatsu da leɓɓa da harshe sun cinye mafi yawa, gadon baya duk faɗinsa ɗan lungu ya samu.

Wannan kana iya gwadawa yau. Ka sami fensir 2 masu tsini, ka haɗa su, ka rufe ido, wani ya ɗora maka bakunansu a kan yatsa. Ko tazarar milimita 2 zuwa 3 ce tsakaninsu za ka ce biyu ne. Ya kai su gadon bayanka, sai ya buɗa su wajen santimita 4 kafin ka daina rantsuwa cewa tsini ɗaya ne. Duk shekara ina sa ɗalibai su yi wa juna, kuma ban taɓa ganin wanda bai juyo ya duba da idonsa ba don bai yarda ba.

Sai dai jin abu daban, gane shi daban. Na taɓa tsayawa a kan wani dattijo da ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki ya fara samun sauƙi. Aka ce ya rufe ido, aka sa masa makulli a hannun da ciwon ya taɓa. Ya jujjuya shi, ya ce, "Da sanyi. Ƙarfe ne. Gefe ɗaya da kaushi." Aka ce, to mene ne? Ya daɗe shiru, yana ta murza shi. Da ya buɗe ido sai ya ce, "Ashe makulli ne," muryarsa ta yi ƙasa. Fatarsa lafiya lau, saƙon ya isa, amma sashen da ke bayan zirin nan, mai haɗa sanyi da kaushi da nauyi ya ce wannan makulli ne, shi ne ya samu rauni. Kai da kake zaro naka daga aljihu, duk wannan aikin ake yi maka cikin ƙiftawar ido, har a gwada abin da yatsa ya ji da siffar makullan da ka ajiye a kai tun tuni. Ka ga ke nan taɓi da tunawa ba sa rabuwa ko a wannan ɗan ƙaramin abu.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: hannu ba ya zama ya jira a taɓa shi, fita yake neman labari. Susan Lederman da Roberta Klatzky sun nuna a 1987 cewa kowace tambaya da irin motsinta. Mai son sanin kaushi shafawa yake, mai son sanin tauri dannawa yake, mai son nauyi ɗagawa yake, mai son siffa bin gefe yake da yatsa. Ba wanda ya koya mana, amma kowa haka yake yi. Ƙwaƙwalwa ce ke aika umarnin motsi, ta yi hasashen abin da za a ji, sannan ta gwada hasashen da abin da ya dawo. In sun dace ta yi shiru, in sun saɓa ta gyara. Shi ya sa ba ka iya yi wa kanka cakulkuli: ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya ta riga ta san abin da ke tafe, ta rage masa ƙarfi. Ka riƙe wannan zagayen na hasashe da gyara, domin shi ne gishirin amsarka.

Wanda ya rasa shi ne ya san darajarsa. Ian Waterman, wani Bature ɗan Ingila, yana da shekara 19 a 1971 wata cuta ta lalata masa jijiyoyin taɓi da na sanin inda gaɓoɓi suke, daga wuya zuwa ƙasa. Tsokarsa da ƙarfinta, amma ya kasa ko zama. Da naci ya sake koyon tafiya, yana kallon kowace ƙafa yana lissafa kowane taku. In wuta ta ɗauke a ɗaki, faɗuwa yake.

Yanzu mu zo kan koyo. Da can an ɗauka taswirar Penfield in ta kafu a yarinta ta kafu ke nan. Michael Merzenich da abokansa a San Francisco suka nuna ba haka ba ne. A 1984 suka ba da rahoton cewa in biri ya rasa yatsan tsakiya, bayan 'yan watanni filin wannan yatsan a ƙwaƙwalwa yakan fara amsa wa yatsun da ke maƙwabtaka da shi. Daga baya suka horar da birai su riƙa amfani da kan wasu yatsu kullum, sai filin waɗannan yatsun ya faɗaɗa. A mutane ma an gani. A 1995 Thomas Elbert da abokansa a Jamus suka auna masu kaɗa gogen Turawa da makamantansa, suka tarar yatsun hagu, masu danna tsirkiya, sun fi na sauran mutane fili, kuma waɗanda suka fara tun suna ƙanana sun fi kowa. Makafi masu karanta rubutun Braille, wanda kowane harafinsa daga ɗigo 6 ake gina shi, yatsan da suke karatu da shi ya fi sauran fili. A 1996 Norihiro Sadato ya nuna cewa waɗanda suka makance tun da wuri, in suna karatu da yatsa, har sashen gani na ƙwaƙwalwarsu yana shiga aikin. Ban so a kai maganar inda ba ta kai ba, domin hotunan ƙwaƙwalwa na baya-bayan nan sun nuna mutumin da aka yanke wa hannu yana nan da taswirar yatsunsa shekaru bayan haka. Taswirar tana gyaruwa da aiki, amma ba a share ta kamar allo.

Gwajin da na fi so a san shi, ba shi ne ya fi suna ba. A 1992 Gregg Recanzone, a ɗakin binciken Merzenich, ya riƙa sa wa birai karkarwa a yatsa. Wasu an ɗora musu aikin bambance saurin karkarwar, sai sun dace a ba su lada. Wasu kuma karkarwar iri ɗaya suke sha a yatsa, amma ladansu a kan sauraron wani sauti yake, hankalinsu na kunne. Na farkon taswirar yatsansu ta sauya, ƙwarewarsu ta ƙaru. Na biyun kusan ba abin da ya motsa. Fata ɗaya, taɓi ɗaya, yawa ɗaya. Abin da ya raba su shi ne inda hankali yake, da kuma ko akwai abin da zai gaya wa dabbar ta yi daidai ko ta kuskure.

To me ke sauyawa a ciki? A nan ma taɓi ne ya buɗe mana ƙofa. Eric Kandel ya zaɓi wani dodon koɗin teku mai suna Aplysia, domin ƙwayoyin jijiyarsa kimanin 20,000 ne kacal, namu kuwa wajen biliyan 86, kuma nasa manya ne har ana iya bin su ɗaya-ɗaya. In ka taɓa bututun ruwansa sai ya janye gaɓar numfashinsa. Ka yi ta taɓawa ba cutarwa, sai ya saba ya daina kulawa. In kuwa ka haɗa da ɗan zafi a wutsiya, janyewar ƙaruwa take. Kandel ya bi diddigi ya tarar abin da ya sauya shi ne ƙarfin mahaɗar da ke tsakanin jijiya mai ji da jijiya mai motsarwa. Tunawa ta ɗan lokaci, gyara ne kawai ake yi wa kayan da ke mahaɗar. Tunawa mai daɗewa kuwa sai an kunna ƙwayoyin gado, an ƙera sabon furotin, an tsiro da sababbin mahaɗu ko an rage tsofaffi. Gini ne, gini kuwa yana son lokaci. A 1972 shi da Thomas Carew da Harold Pinsker suka nuna cewa taɓi 10 a rana har kwana 4 yana barin sabo na makonni, amma a tattara 40 ɗin a zama ɗaya, sabon ba ya yin nisa haka. Ya karɓi kyautar Nobel a 2000. A dabbobi masu shayarwa ma, Tim Bliss da Terje Lømo sun nuna a 1973, a ƙwaƙwalwar zomo, cewa mahaɗar da aka yi ta aiki da ita tana ƙara ƙarfi ta daɗe a haka.

Sauran bayani ɗaya, kuma shi ne ya fi kusa da lambar wayarka. A 1953 aka yi wa wani saurayi ɗan shekara 27 a Amurka, Henry Molaison, tiyata saboda farfaɗiya, aka cire masa mafi yawan wani sashe da ake kira hifokamfus a ɓari biyun. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar bai ƙara ajiye sabon labari ba. Ka gaisa da shi, ka fita, ka dawo, baƙo ne kai. Brenda Milner ta ba shi aikin bin layin tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kawai, abin da ke rikita kowa da farko. Ya yi kwana 3 yana yi. Kullum sai ya ce bai taɓa ganin wannan aikin ba, kullum kuma kurakuransa raguwa suke, har hannunsa ya faɗa. Daga nan aka tabbatar rumbun ajiya ba ɗaya ba ne. Labari da suna da abin da aka karanta, ta hifokamfus suke bi. Ƙwarewar hannu kuwa tana zaune ne a wasu curarrun ƙwayoyin jijiya da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, da zirin motsi da na taɓi.

Yanzu ka auna abubuwan naka biyu da adalci. Lambar wayar nan sau nawa ka danna ta? Sau da yawa a rana, wata da watanni, a warwatse, da barci a tsakani. Kowane karo daga kanka kake zaro ta, ba wanda ke nuna maka. Kowane karo wayar na yanke maka hukunci nan take, ko ta buɗe ko ta ƙi. Shafukan nan 3 fa? Sau ɗaya, da dare, wataƙila a gajiye, ido na bin layi, ba wanda ya tambaye ka komai, ba abin da ya nuna maka inda ka kuskure. Birin Recanzone na biyu ke nan, saƙo na shiga amma ba a ɗora masa aiki ba. Ba a yi wa shafukan adalci ba, an ba lambar duk abin da ƙwaƙwalwa ke buƙata an hana su.

Shi ya sa nake ƙin maganar nan ta cewa wane mai koyo da ido ne, wane da kunne, wane da hannu. A 2008 Harold Pashler da abokansa suka tace binciken da aka yi a kai, ba su sami hujjar da ta tsaya da ƙafarta ba cewa in aka koyar da mutum ta salon da ya ce ya fi so zai fi ganewa. Abin da ke damuna da ita, tana sa yaro mai ƙwazo ya yanke wa kansa hukunci cewa littafi ba nasa ba ne. Amma hannu yana taimakon kowa, wannan kam akwai hujja. A 2012 Karin James a Jami'ar Indiana ta nuna cewa yara 'yan shekara 5 da suka rubuta haruffa da hannunsu, in suka sake ganin haruffan, sassan karatu na ƙwaƙwalwarsu sun fi motsawa a kan lokacin da suka danna su a kwamfuta ko suka bi sawun zane. A Jami'ar Regensburg ta Jamus kuma, a 2018, an rufe wa mutane ido aka ba su kayan yau da kullum 168, kowanne sakan 10 a hannu. Da aka haɗa kowanne da wani mai kama da shi aka ce su nuna wanda suka taɓa, sun dace a kashi 94 cikin 100 nan take, bayan mako guda kashi 85. Taɓi yana barin sawu mai zurfi fiye da yadda muke zato.

Saboda haka ka yi wa karatunka abin da kake yi wa lambar. Ka karanta shafi, ka rufe littafin, ka ɗauki biro ka rubuta abin da ka riƙe da kalmominka, ka zana shi in mai zanuwa ne, sannan ka buɗe ka ga inda ka zubar. Za ka ji nauyi, kuma za ka ga kamar maimaita karantawa ya fi sauƙi. Ya fi sauƙi kam, amma Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun nuna a 2006 cewa bayan mako guda masu gwada kansu sun fi masu maimaita karatu riƙewa. Gobe ka sake, bayan kwana 3 ka sake, bayan mako ka sake. Kada ka sayar da barcinka don ƙarin shafi, domin tun 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka ga ƙwayoyin hifokamfus na ɓera da suka yi aiki tare da rana suna sake yi tare yana barci. A wannan bitar ta dare ake ƙarasa ginin da aka fara da rana.

Game da bakinka da ke lalube kuwa, dalilinsa shi ne yawan maimaici ya dunƙule lambobin sun zama motsi guda. Yatsa ya san daga nan sai can, kowane dannawa shi ke kiran na gaba, ba ya buƙatar sunan lambar. Rumbun labari kuma, tunda an daina tambayarsa, nasa kwafin ya dusashe. Wannan yana da ɗan haɗari: ranar da ka sauya waya, ko aka jera maɓallan wani iri, ko ka tsaya kana tunanin lambar a tsakiyar dannawa, tana iya ɓace maka gaba ɗaya. Lokaci-lokaci, in kana kai kaɗai, ka faɗe ta a zuciyarka lamba bayan lamba kafin yatsa ya taɓa wayar, sannan ka danna ka ga ko sun dace.